Lantarkin Iska Da Na Rana: Guntun Gatarinki Ya Fi Sari Ki Ba Ni

Ina gaida na cikin birnin Zazzau, da na Sabon Gari da Samaru, da na Gyallesu da Tudun Jukun, ina kuma gaida ku maƙwabtana na nan Tudun Wada. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai ɗinkin hula ta ci gaba da ɗinkinta, kunne kawai nake so ku ara mini.

Yau a kan wuta za mu tattauna, wutar lantarki. Na san wata za ta ce, "Haba Hajiya, ina ruwan mace mai kulle da zancen lantarki? Ai wannan na maza ne da injiniyoyi." To 'yar uwa, in an ɗauke wuta wa ya fi ji a jika? Maigida ya fita kasuwa ko ofis, ke ce a cikin ɗaki da zafin bazara da jariri yana kuka. Ke ce kika ƙulla zoɓo da kunun aya da ɗan jarinki, firij ya huce, kunun ya yi tsami kika zubar. Ke ce yarinyarki za ta wuni a wurin markaɗe. Wadda abu ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, ai ita ta fi cancanta ta san yadda yake.

Ba mu manta da watan Oktoba na shekarar 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, ciki har da wanda ya taso daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna. Yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Ƙanƙara ta zama zinariya, ruwa ya yi tsada, masu niƙa suka ƙara kuɗi. Janareta kuma da muke gudu gare shi, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zama sai mai hali. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin ranar, ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Shi ya sa ko'ina ake zancen samun wuta daga iska da rana, abubuwa biyu da Allah ya hore mana, babu mai sa musu mita, babu mai yanke su. Amma tambayar da nake so mu riƙe a yau ita ce: in an kafa injin, na wane ne? Domin a nan gizo ke saƙar.

Bari mu fara da yadda iska ke zama wuta. Kin ga fankar ɗakinki? Wuta ce ke shiga cikinta, fukafukanta su juya su ba ki iska. To injin iska fanka ce da aka juya wa aiki. Iska ce ke kaɗa fukafukan, su juya wani sandan ƙarfe, sandan ya juya janareta da ke can saman turken, wuta ta fito ta bi waya. Ba fetur, ba gas, ba hayaƙi. Ana ɗaga shi sama sosai ne saboda iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, babu gini ko itace da ke tare ta. Kuma masana sun tabbatar cewa in gudun iska ya ninka sau 2, wutar da ke cikinta takan ninka har sau 8. Don haka ba ko'ina ake kafa shi ba, sai an auna iskar wurin tukuna. A ƙasar nan, Arewa mai nisa irin su Sakkwato da Katsina da Kano, da tsaunukan Jos, suna cikin wuraren da suka fi iska.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ki tambayi tsofaffi, wasu za su tuna injinan iska masu jawo ruwa daga rijiya da aka kakkafa a wasu garuruwan Arewa tun wajen shekarun 1960. A jihar Sakkwato kuma, a ƙauyen Sayya Gidan Gada, masu binciken makamashi sun taɓa kafa ƙaramin injin iska mai ƙarfin kilowat 5 don gwaji.

Amma babban aikin da aka yi shi ne na Lambar Rimi, a ƙaramar hukumar Rimi ta jihar Katsina. Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro tunanin tun yana gwamna, a shekarar 2005, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. A 2010 aka ba wani kamfanin Faransa mai suna Vergnet kwangilar kafa injina 37, kowane a kan turke mai tsawon mita 55, kowane mai ƙarfin kilowat 275. In an haɗa su duka, megawat 10 ke nan da 'yan kai.

Kada waɗannan sunaye su ruɗe ki, awo ne kawai kamar tiya da mudu. Wat 1,000 shi ne kilowat 1, kilowat 1,000 shi ne megawat 1. Dutsen guga na lantarki yana cin kamar kilowat 1. Ƙaramin ƙwan fitila na zamani yana cin wat 10 ko ƙasa da haka. Ashe ke nan injin Rimi guda ɗaya, in iska ta cika masa, zai iya kunna irin wannan ƙwai har 27,500.

An tsara gama aikin cikin shekara 2. Sai ga shi a watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin, a garin Rimi. Bai kuɓuta ba sai a Nuwamba 2013, kuma a nan Zariya ya tsere daga hannunsu. Aiki ya tsaya cik. Ko da aka koma, aka yi ta sa ranar buɗewa ana ɗagawa, har aka cinye shekara 10 ana abu ɗaya. Duk tsawon wannan lokaci, manoman da injinan ke tsaye a bakin gonakinsu ba su da hannun jari ko na sisin kwabo a ciki. Kayan gwamnati ne. In ya juya su kalla, in ya tsaya su kalla. Ba su da hurumin tambayar kowa dalili.

Yanzu ku biyo ni can Turai, mu ga wani aiki mai girma kusan ɗaya da na Rimi, amma aka bi ta wata hanya dabam. A ƙasar Denmak akwai wani tsibiri da ake kira Samso, mutanensa kimanin 4,000, da yawansu manoma. A 1997 gwamnatinsu ta zaɓe su don a gwada ko gari guda zai iya dogara da makamashin da ba ya ƙarewa. Abin da suka fara yi shi ne taro. Aka yi ta zama ana gardama: a gonar wa za a kafa? Wa zai sa kuɗi? Wa zai ci riba? Zuwa shekarar 2000 sun kafa injinan iska 11, kowane megawat 1, waɗanda suka isa wutar tsibirin gaba ɗaya. Guda 9 manoman wurin ne suka saya, guda 2 kuma na ƙungiyar gama kai ne, inda ɗaruruwan mutanen gari suka sayi hannun jari, kowa daidai ƙarfinsa. In an sayar da wuta, ƙarshen shekara a raba riba.

Gaskiya ne, sun fi mu iska mai ƙarfi, suna da zaman lafiya, bankunansu sun ba su rance, gwamnatinsu kuma ta tsayar musu da farashin da za a sayi wutar. Ba za mu haɗa kanmu da su a komai ba. Amma abu guda ba sai mai arziki ba: mutumin da ya san kuɗinsa na cikin injin nan, in ya leƙa ta taga ya ga ya daina juyawa, ba zai iya barci ba sai ya ji dalili.

Mu ma mun san haka a unguwanninmu. Rijiyar burtsatse nawa aka haƙa mana da farantan sola a sama, aka yanka kyalle aka yi tafi, bayan shekara ɗaya famfo ya lalace, har yau tana nan awaki na kwana a gindinta? Kowa ya ce ta gwamnati ce, ko ta ɗan majalisa ce, a jira shi. Amma injin markaɗen da Hajiya ta saya da kuɗin adashenta, shekara nawa yana aiki? Bel ya tsinke da safe, kafin azahar ta aika an sayo wani. Abin mamaki kuma, in taransifomar layinmu ta ƙone, mukan yi karo-karo gida-gida a gyara ta, alhali ba tamu ba ce. Ashe mun iya haɗa kuɗi don wuta. Abin da ya rage shi ne mu haɗa don abin da zai zama mallakinmu.

Wata za ta tambaya, to mu sayi injin iska ke nan? A'a 'yar uwa. Nan Tudun Wada gidaje a cushe suke, gini da itatuwa suna karya iska, kuma iskar Zariya ba ta kai ta Katsina da Sakkwato ba. In wani ya zo yana tallar ƙaramin injin iska na ɗorawa a kan kwano, a yi hattara. Abin da ya dace da mu shi ne rana, wadda muke da ita har muna kuka da ita. An ga aikinta a kusa da mu: a 2019 an buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, a farkon 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Kyawun sola shi ne ana iya farawa da kaɗan, faranti ɗaya da batir ɗaya, a riƙa ƙarawa.

Ina kuɗin? Ga lissafi mu yi tare. Gidan da ke ƙona lita 2 ta fetur kowane dare, a wata ya ƙona lita 60, a shekara lita 730. Ki tambayi maigida nawa ake sayar da lita yau, ki ninka da kanki. Wannan kuɗi ya tafi a hayaƙi, ba ya dawowa. Sannan ga wani lissafin: mata 20, kowace tana zuba naira 1,000 a mako, naira 20,000 ke nan duk mako. A shekara, miliyan 1 da dubu 40. Ba mu fita ko ƙofar gida ba, yara ne ke kai zubi wajen uwar adashe kamar yadda muka saba.

Hanya biyu ce. Ta farko, adashen sola: duk wadda kwasa ta zo kanta, maimakon atamfa ko kwanukan jere, ta sayi ƙaramin saiti mai ƙwai uku ko huɗu, da wurin cajin waya, da fanka mai cin wuta kaɗan. Ta biyu, a haɗa hannu a sayi babban abu guda na tarayya, kamar firiza mai aiki da sola a ajiye a gidan ɗaya daga ciki, masu zoɓo da fura da lamurje su riƙa sanyaya kayansu suna biya, a sayar da ƙanƙara, a yi cajin waya. Ko kuma mata su sa baki a tada matacciyar rijiyar unguwa, ta koma hannun kwamitin masu shan ruwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai tarayya tana da sharuɗɗa, in ba a kiyaye ba zumunci ne zai lalace. Ku saurara da kyau.

Na farko, a yi shawara da maigida tun kafin a fara. A kan rufinsa za a ɗora faranti, ta zaurensa mai haɗawa zai shigo. A zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, a nuna masa lissafin man nan. In gidan haya ne, a nemi yardar mai gida, a kuma yi magana a fili cewa ranar tashi da kayan za a tashi.

Na biyu, a rubuta komai. Sunan kowace mace, nawa ta zuba, kashi nawa gare ta, yadda za a yi in ta tashi daga unguwa, ko aure ya mutu, ko ta riga mu gidan gaskiya. A sa shaidu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne. Kuma 'yar uwa, abin da kika saya da kuɗinki, rasit ya fito da sunanki, ki adana shi inda kike adana takardun haihuwar yara. Dukiyar mace tata ce. In ƙungiya ta yi ƙarfi, a yi mata rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai, a buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu ko uku.

Na uku, kuma nan ne yawancin ayyuka ke mutuwa: asusun gyara. Rana kyauta ce, batir ba kyauta ba ne. Faranti mai kyau yakan yi shekara 20 ko fiye. Batir mai ruwa kuwa shekara 2 zuwa 4 ne ya gaji, na litiyom ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Tun daga ranar farko a riƙa ware wani abu daga cinikin kowace rana, kada a taɓa shi don biki ko suna. Ranar da batir ya mutu a tarar da kuɗinsa a ajiye.

Na huɗu, babu kyauta. Ƙanwar shugaba ta biya, kishiyar ma'aji ta biya, wadda firiza ke ɗakinta ma ta biya, sai dai a yanka mata ladan kula. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita kowa ta ji. Waɗanda ba su samu zuwa ba a aika musu ta waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɓoye lissafi shi ne tsagewar farko.

Na biyar, a sayi kaya masu inganci a wurin wanda aka san shagonsa, a karɓi takardar garanti. Araha ba ta ado. Kasuwa cike take da faranti da batir na jabu, an rubuta musu ƙarfin da ba su da shi. A nemi wanda ya san aikin ya lissafa abin da za a ɗora kafin a saya. Kada a jona dutsen guga ko abin dafa ruwa a ƙaramin saiti. A ajiye batir inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara. Lokacin hunturu ƙura kan rufe faranti wuta ta ragu, sai a sa babban yaro ya goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi.

Na shida, a samu mai gyara na gida. Zariya garin ilmi ce, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga masu haɗa sola a Sabon Gari da nan Tudun Wada. Ƙungiya ta ɗauki nauyin yaro ɗaya ya koyi aikin. Kuma kada a ce sai namiji. A ƙauyen Tiloniya na ƙasar Indiya akwai makarantar da ake kira Barefoot College, wadda ta yi suna wajen ɗauko mata manya daga ƙauyukan Afirka da Asiya, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, a koya musu haɗa sola da gyaranta cikin wata 6, su koma su haskaka garuruwansu. 'Yarki da ta gama sakandare tana zaune a gida, in ta iya, ita za ta shiga gidajen kulle da namiji ba zai shiga ba. Sana'a ce babba.

Kafin in rufe, saƙo ga 'yan uwanmu na karkara, na wajen Soba da Giwa da Kudan da Maƙarfi, inda wasu ƙauyukan ko turken wuta bai kai ba. A 2016 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin kafa ƙananan tashoshin wuta na gari guda, har zuwa megawat 1, kuma an tanadi a yi yarjejeniya a rubuce da mutanen garin. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Saboda haka in kamfani ko wata ƙungiya ta zo garinku da zancen sola ko injin iska, ku ce wa mazajenku in sun je ƙofar dagaci su yi tambaya huɗu. Filin da za a kafa, sayarwa ne ko haya? Nawa za a riƙa biyan wuta, kuma wa ke da ikon ƙarawa? In ya lalace wa zai gyara, da kuɗin wa? Mutanen gari za su iya sayen hannun jari? Sannan ku nemi a sa wakiliyar mata a kwamiti, ko ungozoma ce ko malamar Islamiyya, wadda za ta riƙa kawo muku bayani har ɗaki. Ku ne za ku fi kowa amfani da wutar, a wajen niƙa da ruwa da ɗakin haihuwa.

Masu janareta kuma, don Allah kada a kunna shi a cikin ɗaki ko a rufaffen zaure saboda tsoron ɓarayi. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe gida guda cikin barci.

To 'yan uwa, ga aikin gida na wannan mako. Kowace ta lissafa abin da gidanta ke kashewa a wata kan fetur, da batirin tocila, da cajin waya, da ƙanƙara. Ta rubuta a takarda. In kun haɗu a Islamiyya ko wajen barka, ku gwada lissafinku da na juna, ku ga ko akwai mata goma da za su iya ɗaure tsintsiya guda. Wadda ta riga ta gwada irin wannan tarayya, ta yi daɗi ko ta yi ɗaci, ta aiko mana da labarinta don wasu su ƙaru. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba murhun da ke rage cin itace da gawayi, da abin da hayaƙin girki ke yi wa ido da ƙirjin uwargida. Kafin nan, a gaida maigida, a shafa mini kan yara. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu. Ku huta lafiya.